Ranar da Aka Fitar da Kaskon Turare

Da yamma liƙis na shiga Maiduguri, kafaɗuna sun ƙage saboda yawan sauka daga mota da ɗaga hannuwa a shingayen sojoji. Tun daga Damaturu babu mai ko tari a motar nan. Kowa bakinsa na motsi da addu'a, idonsa na kan daji. Ni Rabi da duk Malumfashi aka sani da surutu, ranar nan ko gyaɗar da na ƙulle a gefen zane ban iya ci ba.

Aiki na zo nema. Ni nas ce, mijina ya rasu ya bar ni da 'ya ɗaya, Ummi, wadda na baro a wurin mahaifiyata. Wani Malam Sabo da aka haɗa mu ta waya shi ya rantse mini cewa wata ƙungiyar agaji tana neman ma'aikatan jinya ido rufe, har da gida da motar kai mutum aiki. Na tura masa abin da ya kira na gyaran takardu. Da na sauka a tasha na kira shi, waya a kashe. Na sake kira, a kashe. Har yau ban san kamannin fuskar mutumin nan ba, kuma wallahi ban yafe ba.

Ina zaune a kan jakata, lokacin dokar hana fita yana ta matsowa, tasha tana watsewa, sai wata doguwar mata ta tsaya a kaina. Ta kalli fararen takalman aikin da na ɗaure a hannun jaka.

"Sista, wa kike jira?"

Na ce, "Wani ɗan damfara."

Ta yi dariya ta ce, "To wannan ba zai zo yau ba. Taso mu tafi."

Sunanta Rifkatu, Kirista ce daga wajen Biu, ita ma nas. A ɗakinta na kwana a unguwar Moduganari. Ta cika mini buta, ta leƙa ta tambayi maƙwabta inda alƙibla take, ta shimfiɗa mini zanenta mai kyau na yi salla a kai. Da safe ta ce ƙaramin asibitin da take aiki yana neman hannu, don ma'aikata da yawa sun gudu sun bar garin. Ba ƙungiya ba ce, ba mota, ba gida. Na ce ko share ƙasa ne ina so, domin ban ga fuskar da zan koma Malumfashi da ita ba.

Ɗaki kuwa a unguwar Limanti na samu, gidan wata tsohuwa Babarbariya da ake kira Ya Falmata. Ranar da zan tare mai keke ya ji Hausata, ya gane baƙuwa ce, ya zaga da ni Maiduguri kaf, har muka wuce wani masallaci sau biyu. Na ce masa, "Malam, masallacin nan bin mu yake yi ne?" Ko kunya bai ji ba.

Ya Falmata turaren wuta take haɗawa tana sayarwa. Tun daga zaure ƙamshi yake tarbar mutum, ya shiga kaya, ya shiga gashi, har tuwo sai na ji kamar turare yake. Ba ta taɓa kiran sunana ba, sai "Afuno", wato Bahaushiya. "Afuno, wushe! Kin tashi? Ku Hausawa ba ku san ƙamshi ba, sai yaji." Ni kuma in ce, "Ya Falmata, ku kuma da za a dafa turare da kun daina noma." Gidan cike yake da danginta da suka gudo daga ƙauyuka. A cikinsu akwai Yagana, 'yar ƙanwarta, wadda aka tafi da mijinta daji ba a sake jin ɗuriyarsa ba. 'Ya'yanta biyu sun mutu a hanya. Wadda ta rage mata ita ce Aisa, 'yar shekara uku, sa'ar Ummina.

Kewar gida ta ci ni a gidan nan, ba kaɗan ba. Su ba ni burabusko da miyar da ta sha kifi, in ci in gode, amma raina yana wurin furar mahaifiyata. In na kira gida Ummi ta karɓi waya ta ce, "Mama, gobe za ki dawo?" sai in ce layi ba kyau in kashe, in shiga ɗaki in yi kukana. Aisa ce take turo labule ta shigo ba sallama, ta zauna a cinyata tana wasa da agogon aikina. Ba ta jin Hausa, ba na jin Barbarci, amma mun fahimci juna. Yarinyar tana da asma. In ta yi gudu kaɗan ƙirjinta ya riƙa fito.

Asibitin namu gida ne aka mayar, mai shi likita ne da kowa ke kira Dokta. Gaskiya mutumin kirki ne, don lokacin da sa'o'insa suka kwashe iyali suka yi Abuja, shi zama ya yi. Amma shekarun nan ne da aka kakkarya turakun wuta, gari ya zauna babu lantarki. Wani tsohon janareta ne yake riƙe da mu, an girke shi a lungun da ke bayan tagar ɗakin yara, yana ruri tun safe. Kusa da shi akwai rami. Duk la'asar Ba Modu mai gadi yakan juye sharar asibiti a ciki, ledojin ƙarin ruwa da safar hannu da sirinji da kwalaye da ragowar abinci, ya yayyafa baƙin mai ya ƙyasta ashana.

Ledojin kuwa ba sa ƙarewa, saboda a wurin mutanen nan in ba a rataya wa yaro ruwa ba, to ba a yi masa magani ba. Yaron da zai iya shan ruwan gishiri da sukari da bakinsa ma sai uwarsa ta ce a sa masa leda. Dokta ya ce in ya hana su, wurin mai kemis za su tafi a huda musu yara a banza. Mu ma da namu halin: taɓa goshin yaro, sabuwar safar hannu, gyara filo, sabuwar safar hannu.

Rifkatu ce kaɗai abin yake damu. Ta taɓa zuwa wani taron bita aka gaya musu cewa asibitoci ma suna cikin masu ɗumama duniya, da hayaƙin injinansu da robar da suke ƙonawa, kuma nas ce ta fi kowa iya rage shi tunda ta hannunta kaya suke bi. Kullum sai ta yi mini wannan karatu.

Na ce, "Ke Rifkatu, ana tashin bam a kasuwa, ke kina ta duniya ta yi ɗumi? Maiduguri dama yaushe ta yi sanyi?"

Ta ce, "Yi dariyarki. Hayaƙin nan ba a katangarmu yake tsayawa ba."

Ni dai ko a jikina, don a ɗakin yara ban taɓa jin wani wari ba. Matan da ke jinya kowace da ɗan kaskonta a ƙarƙashin gado. Da safe su zuba garwashi su barbaɗa turare, da la'asar su ƙara. Na ɗauka son ƙamshi ne kawai irin nasu.

Ana tsakiyar zafi Aisa ta kwanta. Mura ce ta sauka mata a ƙirji, ta haɗu da asmar. Da na dawo daga aiki na tarar haƙarƙarinta yana lotsawa, leɓenta ya fara sauya launi. Yagana tana tsoron asibiti, ta ce duk wanda ta kai ba ya dawowa. Ni na dafa kafaɗarta na ce, "Ki ba ni ita. Ni zan dawo miki da ita da ƙafarta." Ya Falmata ta fassara mata. Yagana ta kalle ni, sannan ta kwance goyon ta miƙo mini.

Muka ba Aisa gadon da ke jikin taga, don nan ne soket yake. Muka haɗa mata na'urar oksijin, ita kaɗai gare mu, aka fara allurai. Maimakon sauƙi sai abin ya riƙa gaba. Da safe ta ɗan farfaɗo, la'asar na yi ta koma kamar ana shaƙe ta. Dokta ya sauya magani, shiru. Rana ta uku ya shigo zagaye, ya tarar da hayaƙin turare ya tokare silin, ya fusata.

"Yaro ba ya numfashi kuna yi masa hayaƙi? Sista Rabi, kada in sake ganin kasko a ɗakin nan."

Maganarsa gaskiya ce, hayaƙi hayaƙi ne ko na turare. Ni kuma da ma zuciyata a kusa take. Na bi gado gado ina zaro kasake ina jerawa a baranda, ina faɗa. Ya Falmata ta zo kawo abinci ta tarar ina fitar da nata. Ta tsaya ta gyara lafayarta, ta ce, "Afuno, to ku zauna da warinku." Ta ajiye kwano ta juya. A gida ko gaisuwata ba ta amsa ba, abin ya tsaya mini a rai.

Washegari da la'asar ina gwada zafin jikin Aisa, Ba Modu ya kunna raminsa. Innalillahi! Wani wari ya bugo ta taga, na ƙonanniyar roba haɗe da dizal, ya kama ni a maƙogwaro har sai da na dafa gado. Idona ya kawo ruwa. Wata da watanni ina aiki a ɗakin nan, ashe abin da matan suke rufewa ke nan. Na sa auduga na goge hancin Aisa, ta fito baƙa. Na zagaya bayan na'urar na ciro ɗan soson da take tace iska da shi, na tarar ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Ita na'urar, iskar ɗakin take zuƙa, iskar ɗakin kuma ta lungun janareta take shigowa.

Na kira Rifkatu na nuna mata. Ba ta ce ai na gaya miki ba, Allah Ya saka mata. Ta ruga ta sa Ba Modu ya kashe wutar ramin da ƙasa. Amma janareta fa? In an kashe shi na'ura ta tsaya, yarinya ta tafi. In an bar shi, shi ne yake shaƙe ta. Muka rufe taga, zafi ya taso kamar zai dafa yaran, hayaƙin kuma bai fasa shigowa ta saman bango ba. Yagana tana zaune a ƙasa ta riƙe ƙafar 'yarta, ba ta kuka, ni kawai take kallo. Na tuna abin da na ce mata.

A asibitin nan kaf wuri ɗaya ne yake da sola: ofishin Dokta, can gaba wajen ƙofa, nesa da lungun. Da ita yake kunna fanka da talabijin da ɗan firjin ruwansa. Ya fita neman dizal, waya ba ta shiga.

Na ce, "Rifkatu, kama gadon nan."

Ta ce, "Ina za mu?"

"Ofis."

Ta zaro ido. "Rabi, ba ki son aikinki?"

Ina so mana. Da shi nake ciyar da Ummi da tsohuwata, in na rasa shi ban san inda zan dosa ba. Amma na ce ta kama. Muka tura teburin Dokta jikin bango, muka zare fanka da talabijin da firji, muka garo gado, Yagana na biye da na'ura a rungume. Na wanke soson nan, na matse shi a tawul, muka mayar. Da na soka waya a soket fitilar na'ura ta kawo, sai na leƙa na ƙwala wa Ba Modu kira na ce ya kashe inji. Asibitin ya yi tsit. Ashe akwai tsuntsaye a bishiyar maina, wato darbejiya, da ke tsakar gidan, ban taɓa jin kukansu ba.

Ana haka Dokta ya dawo da jarkoki. Ya turo ƙofar ofis ya tsaya.

"Wane ne ya yi wannan?"

Na ce, "Ni ce, ranka ya daɗe."

"Da izinin wa? Kin kashe mini inji, kin mayar mini da ofis ɗakin jinya. Kin san batir ɗin nan ba zai kai ko'ina ba? In yarinyar nan ta mutu a nan, ke za ki amsa. Kuma ki fara neman wani aikin."

Audugar nan baƙa na ciro daga aljihu na ajiye masa a tebur. Na ce, "Daga hancinta ta fito." Ya ɗauka ya juya ta. Ya zo ya ɗora abin awonsa a ƙirjin Aisa, ya daɗe yana saurare. Bai ce mini na yi daidai ba, bai kuma janye maganarsa ba. Kujerarsa kawai ya ɗauka ya fita baranda, a can ya ga sauran marasa lafiyarsa yana fifita da kwali.

Maganar batir kuwa gaskiyarsa ce. Rana na sunkuyawa akwatin solar ya fara ƙara. Hankalina ya tashi, na fita tsakar gida na tara iyayen yara maza da ke zaune a inuwa. Rifkatu ta aro doguwar waya wurin mai walda na maƙwabta. Suka zura itace a ƙarƙashin janaretan nan, suka ciccibe shi ana salati, suka kai shi can ƙarshen fili, inda iska take kwashe hayaƙin ta yi waje da shi. Dokta da kansa ya naɗe hannun riga ya haɗa wayar. Daga ranar sola ce take riƙe na'ura muddin akwai rana, inji sai in ta faɗi.

Aisa ba ta warke a ranar ba. Kwanaki muka yi muna kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka. Ni da Rifkatu muka riƙa karɓa-karɓa, ban koma Limanti ba. Wata safiya ina gyara mata robar hanci sai na ji an ja agogona. Na duba, idonta biyu, ta riƙe shi gam. Na fita bayan ofis na yi kuka har da majina.

Bayan nan ba mu yarda an koma gidan jiya ba. Muka ware shara: kwali da ragowar abinci daban, allurai da abin da ya taɓa jini a rufe su a kai inda ake da tandun ƙona su yadda ya kamata. Safar hannu sai inda ake bukatarta, sauran a wanke hannu da sabulu. Babban yaƙin shi ne ƙarin ruwa. Yaron da yake iya haɗiya muka ce cokali da kofi za a ba shi, mata suka ce mun raina su don 'yan gudun hijira ne. Wata ta kira ni marowaciya a gaban jama'a, na kusa ramawa.

Ya Falmata ce ta raba mu. Ta shigo ba tare da ta kalle ni ba, ta zauna a tsakiyar ɗakin yara ta yi musu magana da Barbarci mai tsawo, tana nuna taga, tana nuna Aisa. Ban ji ko kalma ɗaya ba sai "Afuno" da take ta maimaitawa, mata suna dariya. Na tambayi Ba Modu me ta ce. Ya ce, "Cewa ta yi ba ki da kunya, amma kina da gaskiya." Wasu sun yarda, wasu sun kwashe yaransu sun tafi kemis kamar yadda Dokta ya faɗa. Ramin dai ya riƙa yin mako ba a kunna shi ba. Dokta bai kore ni ba, amma har na bar garin in zai fita sai ya kulle ofis ya kalle ni ya girgiza kai. Daga baya ya ƙaro farantin sola a kan rufi, ya ja wayar sola zuwa ɗakin yara.

Rifkatu ta ce, "To malama, yanzu kin yarda da maganar duniya?"

Na ce, "Ni ban ga duniya ba, hancin Aisa na gani. Amma in duniyar ma haka nata hancin yake, a ci gaba."

Da ƙafarta Aisa ta shiga gidan Limanti, tana riƙe da yatsana. Na kai ta gaban Yagana na ce, "Ga amanarki." Ba a bukaci mai fassara ba.

Sai da babbar salla ta matso na sami hutun zuwa ganin Ummi. Ranar da zan kama hanya, da hantsi, Ya Falmata ta sa aka fito da kayana tsakar gida. Ta ce ba za a ce 'yar gidanta ta shiga Hausa tana warin asibiti ba, sai an turara mini komai. Yagana ta kawo kasko, amma garwashin ya yi sanyi, toka ta rufe shi. Aka shiga neman mafici. Kafin a samo, Aisa ta durƙusa a gaban kaskon, ta cika kumatu ta hura.

Na daka mata tsawa, "Ke! Matsa daga nan, ja'ira!"

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ja wani dogon numfashi, na kasa kunne ina jiran fiton nan, ban ji komai ba. Ta sake hurawa, toka ta tashi, garwashin ya yi ja. Yagana ta sa gefen lafaya ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Na sunkuya na ɗauke yarinyar na yi gefe da ita kafin a zuba turaren, na manna kunnena a bayanta.

Ya Falmata ta ce, "Afuno, me kike nema kuma?"

Na ce, "Ba komai, Ya Falmata. Bar ni in ƙara ji."